Shuɗin Yatsan Anaruwa

A Tudun Bado, gidan da ya fi kowanne kusa da tabki shi ne na Inna Gwamma. Su biyu ne a ciki, ita da autanta Anaruwa, sai tsohon kwalekwalen marigayi mijinta da aka kife a tsakar gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. Anaruwa ya ba talatin baya, ga tsawo ga ƙarfi, amma duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka, to ka tabbata ka dawo, don nan za ka same shi ko da gobe ne. Ni Tunau tela, shagona yana kallon ƙofarsu, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani, kuma ni ma ina da nawa laifin a ciki.

Idon Inna ya yi rauni, amma kullum da hantsi tana zaune a ƙofar gida, fuskarta wajen tabki, tana ba Anaruwa labarin yadda yake a da. Furen bado fari fat har inda ido ya ƙare, agwagin ruwa suna sauka kamar an watsa gero, babansa yana tahowa a kwalekwale tun daga nesa ana jin tarinsa. Anaruwa yakan lumshe ido yana ji, har ya riƙa ɗaga ƙafa don kada ruwan ya jiƙa masa wando. In ya buɗe, sai ya ga busasshen taɓo da ɗan kududdufi can tsakiya.

Tabkinmu daga kogi yake sha, ta wata 'yar ƙorama. Kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta toshe ƙoramar tam. Shekara uku kogi yana cika a ƙarshen damina, ya zo bakin ƙorama ya rasa hanya, ya wuce abinsa. Ba kifin da Inna za ta banda, ba badon da za ta tona. Sai babban ɗanta Shekarau, da yake zaune a birni, ya aiko cewa in bana ma tabki bai cika ba, zai zo da mota ya ɗauke ta. Inna ba ta yi masa musu ba. Anaruwa kaɗai ta gaya wa, a hankali, tana tsince wake: “Auta, nan aka kawo ni, nan nake so a binne ni, kusa da babanka.” Tun daga ranar ba abin da Anaruwa yake tsoro a duniya kamar ƙarar mota.

Wata rana, farkon damina, wata malama mai suna Uwani ta zo daga birni, Dagaci ya tara mu a gindin tsamiya aka yi yarjejeniyar share ƙoramar. A da, al'adarmu ita ce inda laujenka ya share a ƙorama, nan za ka kafa gurarka ta kamun kifi idan ruwa ya zo. Malama ta ce wannan yana kawo rigima, gara a raba tun yanzu. Aka raba ƙoramar gida arba'in, kowane gida taki goma, aka kafa wa kowa turke da alamar gidansa, tunda ba kowa ke karatu ba. Wani ya rataya tsohon takalmi, wani sakaina, ni na ɗaura ƙyallen yadi ruwan ɗorawa. Inda turkenka yake, nan za ka share, nan kuma za ka kafa gura. Aka hana kamun kifi a ɗan ruwan da ya rage, aka sa taro kowace Laraba. Ni aka ba rubutu, Sarkin Ruwa Barmo aka ba tsaron kifi, Anaruwa kuma, don dai kada a ce an bar shi, aka ce shi ne mai tsaron turaku. Kowa ya dangwala babban yatsa a shuɗiyar tawada ya danna a takarda.

Malama ta ce, “Wannan shuɗin shaida ne. Kun ɗauki alkawari, sai ranar da ruwa ya shiga tabki za ku sauke.”

Anaruwa ya dubi yatsansa ya ce, “Malama, in shuɗin ya goge fa?”

Dagaci ya ce, “To kai kada ka bari naka ya goge sai ruwan ya zo.”

Aka yi dariya aka watse. Kwana biyu tawada ta fara dushewa, hankalin Anaruwa ya tashi. Ya tafi marina ya roƙi arziki, suka bar shi ya tsoma yatsan a ruwan baba, daga nan kuma kullum da safe sai ya biya ta can. Bai tsaya nan ba, ya shiga bin mutane a kasuwa yana kama hannuwansu yana dubawa. Da ya zo kaina ya juya yatsana gaba da baya, fes, sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

“Malam Tunau, kai ma ka fita?”

Na ce, “Alkawari ai a zuci yake, Anaruwa, ba a yatsa ba.”

Ya ce, “To, Alhamdu lillahi.” Ya tafi da murnarsa, ni kuma na ci gaba da taka keken ɗinki, ban ɗago kai ba sai da ya sha kwana.

Wata rana ya ɗauki lauje ya tafi rabon gidansu, wanda ya faɗo a tsakiyar ƙoramar. Kwana huɗu ya yi yana sara, yana tumɓuke saiwa, yana kwashe laka. Da ya kai turken maƙwabcinsa sai ya ci birki, don an ce kada wani ya shiga na wani. Akwai wani tushen kacala guda da ya fito daidai kan iyaka. Anaruwa ya yi ta kewaya shi har azahar, daga bisani ya tsaga shi biyu, ya cire rabinsa, ya bar wa maƙwabci nasa. Ya kawo tsintsiya ya share wurin tas. In ka leƙa, ga rami mai kyau taki goma, gaba dajin kacala, baya dajin kacala, ko ɗigon ruwa babu. Mu sauran kuwa kowa yana jiran wani. Na ƙasa suka ce me za su share tunda na sama bai buɗe ba, na sama suka ce in sun buɗe ina ruwan zai bi. Gaskiyar magana ita ce turke ya riga ya tsare wa kowa wurin gurarsa, ba mai ƙwace maka, to saurin me ake yi.

Shi dai Anaruwa bai san wannan lissafin ba. Ya kori kaji, ya liƙe ɓarakar kwalekwalen babansa da tsumma da kwalta, ya saɓo shi ya ajiye cikin busasshen ramin. Kullum bayan la'asar sai ya goyo Inna ya zaunar da ita a ciki, shi ya zauna a baya da sandar tuƙi. Iska tana kaɗa kacala, tana wani shuu kamar ruwa na tafe. Inna takan ce, “Ina muke yanzu, Auta?” Ya ce, “Mun wuce gindin giginya, Inna, ga bado nan a damanki.” Ta miƙa hannu ta shafa iska. Masu dawowa daga gona sukan tsaya su yi dariya, amma na lura ba mai daɗewa yana yi.

Wata rana Sarkin Ruwa Barmo ya gan shi yana yawo tsakanin turaku, ya ce, “Tunda ƙafarka ba ta gajiya, ka riƙa duba mini tabki. Duk wanda ka gani yana kamun kifi, ka kawo mini shi har gida.” Wanda Anaruwa ya fara kamawa da laifi zalɓe ne. Wuni guda ya yi yana bin tsuntsun daga wannan gefe zuwa wancan, yana yi masa bayanin yarjejeniya, har Inna ta ce ya ƙyale shi tunda bai dangwala yatsa ba. Kwana uku bayan haka, da sassafe, ya hango wani ya duƙa a bakin kududdufi da komar kamun kifi a hannu. Ya matsa, sai ga Sarkin Ruwa da tarwaɗa biyu a buhu.

“Sarki, ina kwana. Mu je in kai ka.”

“Ka kai ni ina?”

“Wurin Sarkin Ruwa. Ya ce har gida.”

“Kai, ba ni ne Sarkin Ruwan ba?”

“Kai ne, Sarki. Amma a gida ka ce.”

Na faɗa muku Anaruwa ƙarfi gare shi. Haka ya riƙo hannun rigar Barmo cikin ladabi, suka ratsa ta gaban masallaci, ta gaban mai ƙosai, tarwaɗa tana motsi a buhu, har zauren gidansa. Ya zaunar da shi a kan buzunsa, ya koma gefe ya durƙusa ya ce, “Sarki, ga shi na kawo.” Barmo ya yi sati bai fito dandali ba.

Wata rana, Laraba ce, ya biyo ta shagona ya ce lokacin taro ya yi. Ina fama da ɗinkin biki, na ce, “Je ka fara, ga mu nan zuwa.” Ya je ya fara. Daga baya mai rake da ke kusa ya ba ni labari: Anaruwa ya share gindin tsamiya, ya yi sallama, ya amsa, ya ba da rahoton turaku ɗaya bayan ɗaya, wane ya karkace, wane gara ta fara ci, ya tambaya ko akwai mai magana, ya saurara. Tsamiya tana zubo ƙananan ganye a kan tabarmar da ba kowa. Da yamma ya dawo ya ce in rubuta. Na ce su wa suka zo? Ya ce, “Ni, sai wata tunkiya, amma ba ta zauna ba.” Na yi kamar ina rubutawa. Laraba bakwai ya yi haka.

A Laraba ta bakwai ɗin ne abubuwa suka haɗu. Kogi ya cika maƙil, har ya fara ja da baya, Barmo ya ce in an yi kwana goma ba a buɗe ƙorama ba, sai kuma baɗi. Shekarau ya bugo waya shagona, na kai wa Inna, ina ji yana cewa ranar Alhamis ta sama zai zo, ta haɗa kayanta. Inna ta ce to. Ta miƙo mini wayar ta koma ɗaki, na ji tana jawo tsohuwar adakarta. Anaruwa yana tsaye a tsakar gida inda kwalekwale yake a da, yana kallon yatsansa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma kunyar ba ta kai ni ga ɗaukar lauje ba.

Wata rana, ana saura kwana biyu motar ta zo, saƙo ya iso cewa Malama Uwani za ta zo ganin aiki washegari. Dagaci ya rasa inda zai sa kansa. Ya kira Anaruwa ya ce, “Kai ne mai tsaron turaku. Gobe ina so malama ta tarar da kowane turke da mai shi tsaye kusa da shi. Ka ji ni?”

“Na ji, ranka ya daɗe.”

Ya bi gida arba'in yana kira. Wannan ya ce gero ya nuna, tsuntsu zai cinye. Wancan ya ce bayansa na ciwo. Wani ya ce in maƙwabcinsa ya fita shi ma zai fita. Ni na ce ɗinki. Anaruwa ya zauna a gindin turkensa ya yi ta tunani, abin da ba ya yi masa sauƙi. Dagaci bai ce a ina ba. Ya ce dai turke da mai shi.

Da safe na buɗe shago, sai na yi karo da turke a kafe a bakin ƙofata, ƙyallena ruwan ɗorawa yana kaɗawa. Na duba layi, kowace ƙofa da nata, ga takalmi, ga sakaina. Anaruwa yana turo kura da sauran, gumi har gwiwa.

“Malam Tunau, ka tsaya nan kusa da shi, malama na zuwa.”

“Anaruwa, me ka yi? Ramukan fa?”

“Na cike su da laka, kada akuya ta karya ƙafa.”

Gari ya ɗauka. Aka taru ƙofar Dagaci ana ta kumfar baki, wasu na cewa a ɗaure shi. Aka ce in kawo takarda a sake awo. Nan nawa asirin ya tonu, don tuni na yanka ta na fitar da awon wuyan riga. Ana cikin haka wani ya lura Barmo ba ya nan. Aka hango shi can yana sauri wajen ƙorama, lauje a ɓoye cikin riga. Nan take kowa ya gane abin da ya gane. Tunda ba turke, an koma tsohuwar al'ada, inda laujenka ya share nan ne naka. Wanda ya ce bayansa na ciwo shi ya riga kowa isa. Ni kaina da almakashi a hannu na fita, sai a hanya na tuna na koma na ɗauko adda.

Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Ba wanda ya san inda nasa ya fara, balle inda ya ƙare, saboda haka kowa sara yake yi har sai laujensa ya haɗu da na maƙwabci, don kada a ci masa ko taki ɗaya. Ana zage-zage ana sara. Mata suka zo raba faɗa, suka ɓuge da janye kacalar da aka sare suna tarawa a gefe. Kafin azahar faɗan ya gaji ya kwanta, wani ya ɗauko waƙar gayya, aka karɓa. Da Malama Uwani ta iso, Dagaci ya tare ta da ƙorafi, ya ce ta fito da tata takardar a mayar da kowa iyakarsa. Ta daɗe tana kallon ƙoramar, sannan ta gyara ratayar jakarta ta ce, “Ranka ya daɗe, bari su gama tukuna.” Mutum ɗaya ne bai sari komai ba a ranar. Anaruwa yana tsaye ƙyam kusa da turkensa, kamar yadda aka ce.

Alhamis bayan azahar motar Shekarau ta tsaya a ƙofar gida. Inna ta riga ta ɗaure ƙullinta. Ta ce wa Anaruwa, “Ka ce wa yayanka ya yi mini haƙuri, a kai ni jirgi in zauna sau ɗaya.” Ya goya ta, ƙullin a hannunsa, Shekarau yana biye yana duba agogo. A lokacin mu muna can bakin kogi muna fasa toshiyar ƙarshe. Da ta buɗe, ruwan bai yi gudu ba. A hankali ya shigo, ja-ja, yana tura busassun ganye da 'yan ƙwari a gabansa, yana tsayawa a kowane lungu kamar mai gaishe da mutane. Muka biyo shi ta gefe biyu, mu arba'in da iyalanmu, laka har wuya.

Ya iso ramin Anaruwa, ya shiga ƙarƙashin kwalekwale. Inna tana zaune, ƙulli a cinya, tana fuskantar tabki. Sai jirgin ya ɗan motsa.

“Auta, daina girgiza ni.”

“Ba ni ba ne, Inna.”

Ta miƙa hannu gefen dama yadda ta saba, sai ta ji sanyi har wuyan hannu. Ta ɗebo, ta shinshina, ta shafa a fuska. Ba ta yi kuka ba, mu ne muka yi, har Barmo. Shekarau ya ce, “Inna, direba yana jira.” Ba ta ko waiwayo ba. Ya tsaya yana kallon jirgin babansa yana lilo a kan ruwa, can sai na ga ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi. Ya naɗe wando ya shiga, ya karɓi ƙullin daga cinyarta, ya miƙo mini ya ce, “Malam Tunau, a mayar mata ɗaki.”

Anaruwa kuwa ya duƙa yana ta cuɗa yatsansa a ruwa, har da yashi. Wata uku yana shan baba, ina zai fita. Ya ɗago cikin damuwa ya dubi Dagaci.

“Ranka ya daɗe, ruwa ya zo, amma shuɗin ya ƙi gogewa. Ko ban gama ba ne?”

Inna ce ta laluba ta kamo hannun ta riƙe.

“Bar shi, Auta. Kacalar ma baɗi za ta dawo. Tuƙa mu je.”

Ya dafa sanda, jirgin ya bi ruwa ya nufi tabki, Inna tana gaba tana gaya masa inda giginya take. Motar ta koma birni da yamma, kujerar baya ba kowa. Washegari da sassafe na bi ta marina, wai zan duba wani yadi. A bakin ƙofa na yi kiciɓis da Sarkin Ruwa Barmo yana fitowa, hannunsa na dama cikin aljihu. Muka gaisa a tsaye, ba wanda ya miƙa wa wani hannu, ya wuce, ni kuma na shiga.